Randar da Aka Gina Sau Biyu

Yakaka ta sa sanda ta ture tokar matoya, wurin gasa tukwane, a hankali, sai ta tsaya cak.

Randar tana zaune a tsakiya, ja jawur, amma tsaga ta taso daga gindinta har wuya.

Ba ta yi kuka ba. Ta ƙwanƙwasa cikin randar da yatsa, ta ji amon a mace, ta janye hannunta.

Hammawa yana tsaye a bakin danga, sandar kiwo a kafaɗa. Shi ke kawo wa gidan busasshen kashin shanu na tuyar tukwane, a haka ya fara ganinta har ya nemi aurenta. Ya sha gaya wa abokansa cewa bai taɓa ganin hannu irin nata ba: tana zagaya yumɓu da baya-baya, tana shafa, sai ka ga randa na tasowa kamar da ma tana ɓoye a ƙasa.

A gidan kakarta Ya Gana, can bayan garin Azare, 'ya mace ba ta aure sai ta gina randar ɗakinta da hannunta, ta toya ta ita kaɗai, ta fito lafiya. In ta fashe kuma ruwa ya sauka, sai wani rani, don ba a tuya da damina. Ga shi da ruwa ya sauka su Hammawa za su kora shanu wajen Gamawa, kuma mahaifiyarsa Dijatu da ma cewa take su mutanen ƙwarya ne, me ya haɗa su da masu kwaɓa laka.

Ya Gana ta fito tana dogara sanda. Ba ta dubi randar ba, tokar ta tona, ta ɗago wani baƙin abu.

"Kashin shanu ba ya barin gawayi," in ji ta. "Wa ya sa mini itace a wuta?"

Hammawa ya ajiye sandarsa ya durƙusa.

"Ni ne, Iya..."

Ya ce Zarami, mai jakunan da ke sarar tukwanensu ya kai kasuwanni, shi ya tare shi ya ce wutar kashin shanu ba ta isa ta gasa babbar randa ba, in yana son yarinyar ya taimaka mata da itacen kirya. Shi kuwa ya sha wuya ya saro, ya cusa a ƙarƙashin tulin kashin shanun kafin ta kunna. Bai san wutar kirya takan taso da ƙarfi ta fasa tukunya ba. Bai kuma san Zarami ya riga ya aiko neman auren Yakaka an ce ya yi haƙuri ba.

Ya Gana ta daɗe tana kallonsa.

"Ka ga Bafillace ko. An ce ka kawo abin da saniya ta ajiye, shi ma ya fi ƙarfin hankalinka."

"Iya, ai da ɗan'uwanku Babarbare na yi shawara," ya ce a hankali.

Tsohuwar ta kusa dariya, amma ta maƙe. Ta ce ta san ba laifin hannun jikarta ba ne, sai dai dokar gida ba ta san wannan ba. Randa ce za ta fito lafiya, ko kuwa a jira baɗi.

Da ta shige, Hammawa ya kasa ɗaga kai.

"Yakaka, na ɓata miki..."

"Nawa ka saro?"

"Kaya guda."

"Da wannan hannun da bai saba da gatari ba?" Ta dubi tafinsa da ya yi kanta. "Miƙo mini taɓarya, ɗan Fulanina."

A gabansa ta fasa randar. Ta zuba tsingaron a turmi ta daka har ya zama gari, ta tankaɗe, ta kwaɓa shi cikin sabon yumɓu. Ta ce masa haka magina ke yi, ƙasar da ta taɓa shiga wuta ita ke koya wa sabuwa haƙuri.

Gini ba shi ne damuwa ba, bushewa ce. Randa sai ta sha iska a inuwa, ba a gaggauta ta. Gabas kuwa ta fara haɗa hadari. Hammawa ya bi tsofaffin mashekarai, inda shanu suka taɓa kwana, yana tsintar kashin shanu, da yayyafin farko ya sauko ya rasa inda zai ɓoye shi, sai ya fitar da shimfiɗarsa ya cika bukkarsa da shi har baki.

Abin da ya kawo Dijatu gari ke nan. Ta ajiye ƙwaryar nono a ƙofar gidan Ya Gana, ta ce ta zo ganin wadda ta sa ɗanta ya ba kashi ɗaki shi ya koma gindin itace.

Ta tarar da Yakaka tana goge jikin randar da santsin dutse. Yarinyar ta durƙusa ta gaishe ta, ta kawo mata ruwa, ta koma kan aikinta. Dijatu ta zo da magana cike da baki, amma ta zauna tana kallon hannun nan yana kai da komowa har yumɓun ya fara ƙyalli. Ta sha ruwan, ta tambaya me ya sa ya yi sanyi haka. Ya Gana ta ce randar da ke tsakar gida ma ginin Yakaka ce.

Dijatu ta waiwaya ta dubi randar. Da za ta tafi dai, ta bar nonon.

Ranar tuya Zarami ya zo da jakunansa wai ko akwai kaya. Ya Gana ta ce masa daga yau ya nemi tukwane a wani gida, ya kuma ɗauki gawayinsa ga shi can.

Yakaka ta jera kashin shanun da kanta, ta rufe da ciyawa, ta kunna. Wutar ta ci a hankali, hayaƙi fari yana tashi, hadari yana ƙara duhu. Hammawa yana bakin danga, an hana shi matsowa ko taku ɗaya. Bai ga ta ɗaga kai ta dubi sama ba ko sau ɗaya; wutarta kawai take kallo.

Da toka ta huce Yakaka ta ture ta. Ta ja da baya, ta ce kakarta ta gwada.

Ya Gana ta ƙwanƙwasa. Amon ya tashi garau, ya daɗe kafin ya mutu.

"To, Bafillace," in ji ta, "je ka kwashe sauran kashin nan daga ɗaki. Jikata ba za ta kwana a waje ba."

Ruwa ya fara ɗigowa. Hammawa ya tuɓe rigarsa ya lulluɓe randar, su biyu suka ciccibe ta zuwa rumfa.

"Ta fi ta farko kyau," ya ce.

Yakaka ta yi murmushi, ta gyara riƙonta.

"Ta farkon tana ciki. Riƙe da kyau."