Tulun Mariyamu

Ranar Asabar da hantsi aka zo wa Insfekta Dogara da labarin an fasa coci. Yana cikin cin ƙosai a kan teburinsa, sai ya ture takardar gefe ya miƙe, ko man hannunsa bai goge ba. Zariya ce ta shekarar da ta biyo bayan ƙone-ƙonen nan, lokacin da in aka ambaci coci da fashi a baki ɗaya, ɗan sanda ba ya tsayawa haɗiye loma.

Cocin ƙarami ne, yana bayan ganuwa wajen Ƙofar Gayan. Kafin Insfekta ya isa, dattawan ikilisiya sun riga sun yi nasu binciken, sun yanke hukunci, har sun kai maigadi ofis da kansu. Maigadin nan Malam Nasidi ne, wani tsoho mutumin Kusfa da ya fi limamin cocin ma daɗewa a wurin. An ajiye shi bayan kanta, ranar Litinin sai kotu. In kuwa ba a samo ɓarawon gaske ba, tsohon nan gidan yari zai ƙarasa kwanakinsa.

Rabaran Bahago ne ya tare Insfekta da kofur ɗinsa a bakin ƙofa, yana share gumi da hankici.

"A'a, Insfekta, ashe ka san hanyar nan? Rabon da mu gan ka a sujada tun Kirsimeti."

"Aiki ne, Rabaran. Me aka ɗauka?"

"Tulu."

"Tulu? Na ruwa?"

"Na kiɗa. Na Zumuntar Mata."

Dogara bai yi dariya ba. Uwarsa ma 'yar zumunta ce a ƙauyensu, ya san tulun nan mai huda a ciki da mata ke dafawa da tafin hannu yana amsawa kamar maƙogwaro. Rabaran ya ce na Mariyamu ne, malamar Makarantar Lahadi da ta rasu wajen haihuwa a farkon damina. A cocin nan, in mai tulu ta mutu, sai a ɗaura ɗankwalinta a wuyan tulun, a ajiye shi gefen bagade, teburin nan na gaban coci, ba mai taɓawa. Ranar addu'ar tunawa sai a miƙa wa 'yarta a gaban yara. Gobe ne ranar.

Suka doshi ciki. Kofur Lawal, wanda tumbinsa ke riga shi shiga ko'ina, ya tsaya a kan dakali yana fama da igiyar takalmin but ɗinsa.

"Kofur, nan ba masallaci ba ne."

"Yallaɓai, ɗakin ibada ne dai. Ƙafa ce ta saba."

Dogara ya buɗe baki zai ƙara zolayarsa, sai idonsa ya faɗa kan dakalin. Kusa da but ɗin Kofur akwai busasshen shatin laka na takalma biyu ƙanana, a jere, sun fuskanci ƙofa. Ciki kuwa mata sun goge daɓe da jan mai tun safiyar Juma'a. A kan jan nan ga sawun ƙafa tsirara, ɗan ƙarami, ya miƙe har gefen bagade ya dawo. Inda tulun yake, sawun ya ɓace cikin wani faffaɗan shati, kamar mutum ya zauna dirshan ya daɗe.

Kofin azurfa na Jibin Ubangiji yana nan a kan tebur, ba wanda ya ko matsar da shi.

"Rabaran, a cikin mutanenka akwai mai cire takalmi in zai shigo?"

"Su? Matan nan da ke sayen takalmi don a ji ƙwas-ƙwas ɗinsu ranar Lahadi?"

A ƙarƙashin benci na gaba Kofur ya zaro wani abu. Gammo ne, na tsohon zane da ya koɗe.

Dogara ya karɓi kwaɗon ƙofar da aka ce an fasa, ya zagaya harabar, ya tsuguna a gindin darbejiyar da maigadi ke shimfiɗa tabarmarsa, sannan ya koma ofis.

Malam Nasidi na zaune a ƙasa bayan kanta yana jan carbi.

"Baba, jiya ina kake da azahar?"

"Na tafi Juma'a, ranka ya daɗe. Na dawo na tarar an fasa."

"Ka tarar an fasa, ka yi shiru har gari ya waye?"

"Tsoro na ji."

Dogara ya ajiye kwaɗon a gabansa. "Ƙofar nan ko ƙwarzane babu. Ɓarɓashin kwaɗon kuwa a gindin darbejiya na tsinto, kusa da butarka. Da mabuɗi aka buɗe shi, daga baya aka dandatsa shi da dutse. Wa ke da mabuɗi ban da Rabaran?"

Tsohon ya ce, "To ni na ɗauka. Na sayar."

"Miƙo ƙafarka."

Ƙafar Nasidi kuwa, Allah ya yi ta kamar faranti. Kofur ya kawar da kai yana danne dariya.

"Baba, mace ce ta shiga, ƙarama, ta cire takalmi, ta zo da gammonta. Ka bar sallar Juma'a ka buɗe mata. Wace ce?"

"A kai ni kotun, ranka ya daɗe."

"Gidan yari ne fa. Da wannan tarin naka."

"A kai ni."

Da azahar Dogara ya koma cocin. Mama Rahmatu, shugabar zumunta, tana ƙarƙashin rumfa tana koya wa yara waƙar gobe, bulalar darbejiya a hannunta wadda ba ta taɓa dukan kowa da ita ba sai benci. Mace ce da in ta yi magana a Ƙofar Gayan ana jin ta a Ƙofar Jatau, amma da ta ga gammon sai muryar ta ƙanƙance.

"Mama, Mariyamu 'yar ina ce?"

"'Yar coci ce."

"Kafin cocin fa?"

"Ba ta da kowa, Insfekta. Mu ne danginta."

"Ko a cikin gari?"

"Me zai kai mu cikin gari?"

Sai wata 'yar yarinya mai wushirya ta ɗaga hannu daga cikin yaran, yadda aka koya musu.

"Mama, ai kina zuwa. Ranar Alhamis. Ke kike kai wa kakata kunu tun da Mamana ta tafi wurin Yesu."

"Nana, zauna!"

Amma magana ta riga ta fita. Mama Rahmatu ta kori yaran su je su sha ruwa, ta zube a kan benci.

Kowace Alhamis, in ji ta, matan zumunta kan fita ziyara, su kai wa tsofaffi da marasa lafiya kunu da sabulu. In cikin ganuwa za su shiga, ba sa ɗaura zanen zumunta, ba sa waƙa, mayafi suke yafawa kamar kowa. Mariyamu gida ɗaya take zuwa, a Kusfa. Gidansu ne. Tun da ta auri wani malamin makaranta Kirista ta bi addininsa, uwarta Iya Ummukulsum ta rufe mata ƙofa. Sai ta riƙa ajiye langar kunu a zaure, ta ɗauki ta makon jiya a wanke, ta juya. Ba sallama, ba amsa. Shekara da shekaru haka.

"Da ta rasu kun gaya wa uwar?"

Mama Rahmatu ta sa gefen zane a ido. "Mun yi shawara a zumunta. Muka ce tsohuwa ce, ita kaɗai, wannan langa ce kawai ta rage mata. Kuma in 'yan'uwa suka ji, za a zo ana jayayya kan gawa, ga gari yadda yake. Sai muka binne ta shiru. Ni na ci gaba da dama kunun. Mun ɗauka alheri muka yi, Insfekta. Allah ya sani mun ɗauka alheri ne."

Dogara ya kira Kofur.

Landirobar 'yan sanda ba ta shiga lungun gidan a Kusfa, sai da suka bar ta a bakin titi suka taka. Gidan ƙasa ne, ruwan bana ya ci gefen katangarsa. A zaure ga langa mai murfi a kan dakali. Kofur, da ba ya wuce kwano bai leƙa ba, ya ɗaga murfin. Kunu ne cike, ya yi tsami har ya tsattsage.

Suka yi sallama, wata siririyar murya ta ce su shigo, ba kowa sai ita.

Tana zaune a tsakar gida a kan tabarma, 'yar tsohuwa kamar a ɗauke ta da hannu ɗaya. Tulun na kan cinyarta, ɗankwalin na nan a wuyansa. Ko yunƙurin ɓoyewa ba ta yi ba.

"Sannu, Iya. Ni ne Insfekta Dogara."

"Na ga kakin. Kun zo da gammona? Da hannu na riƙo tulun har gida, kafaɗata har yanzu ba ta dawo ba."

"Iya, kin san tulun nan na coci ne?"

"Nawa ne. Da shi aka kawo ni gidan nan. Ranar da Mariyamu ta tafi, shi kaɗai na ajiye mata a zaure, don kar ta sha ruwa a tulun wasu." Ta shafa ramin da ke cikinsa. "Dubi, sun huda mini shi."

"Ya aka yi kika san ta rasu?"

"Kunu ne ya gaya mini. Mariyamu ba ta sa sukari, ni na koya mata. Tsamiya take jiƙawa da kanumfari, ta daka kimba kaɗan. Rannan na kurɓa sai na ji sukari zaƙi-zaƙi kamar na 'yan makaranta. Na ce ko ba ta da lafiya ne. Wata Alhamis ta zo, sukari. Wata ta zo, sukari. Sai na laɓe bayan ƙyauren zaure, abin da ban taɓa yi ba, na ga wata ƙatuwa tana ajiye langar 'yata."

Ta ja numfashi.

"Na aika aka kira Nasidi, maƙwabcina ne tun muna yara. Na ce ya dubi Allah ya gaya mini. Ya ce har ciyawa ta fito a kan kabarin. Ban wanke ta ba, ɗan nan. Ban ga likkafaninta ba, ban ma san ko suna sa likkafani ba. Na ce ya kai ni in ga inda take zama. Muka bari sai da maza suka tafi masallaci. Zuwa na yi in duba kawai. Sai na ga ɗankwalin. Har yanzu man kanta na jiki."

Kofur Lawal ya juya yana kallon katanga.

"Iya, me ya hana ki fito mata duk shekarun nan?"

"Rantsuwa na yi. Ba ubanta ba ne, Allah ya jiƙansa, shi har ya mutu yana tambayar ta. Ni ce na dafa Alƙur'ani na ce ba zan ƙara ganin fuskarta ba. Kullum ina cewa Alhamis mai zuwa zan yi kaffara in fito." Ta yi wani murmushi da ya fi kuka ciwo. "To ga shi rantsuwata ta cika. Ko kaffarar ba sai na yi ba."

Dogara ya ce, "Malam Nasidi na tsare a wurinmu. Ya ce shi ya ɗauka. Jibi za a kai shi kotu."

Tsohuwar ta ɗago da sauri. "Nasidi? Wannan sakaran! Tun yana yaro haka yake, a yi ɓarna ya ce shi ne. Miƙo mini mayafina. Ni na ɗauka, ku rubuta, ni kaɗai."

Kofur ya miƙa mata gammon. Ta naɗa, ta ɗora tulun a ka, ta shige gaba, 'yan sanda biyu na biye da ita kamar 'yan rakiya. Matan Kusfa kuwa, da ba abin da ke wuce su, duk sun leƙo ta kan katanga, amma ba wadda ta yi guɗa ko gulma.

Doka ta ce sai mai kaya ya shaida kayansa, don haka Landiroba ta tsaya a bakin coci. Yara na nan ba su tashi ba. Kafin Rabaran ya ƙaraso, Nana ta sheƙo da gudu.

"Tulun Mamana!"

Ta ɗale bayan motar, ta dafa bakin tulun da ɗan tafinta. Ya amsa, dum, dum. Sannan ta lura da tsohuwar da ke riƙe da shi.

Iya Ummukulsum ta ƙura mata ido: goshin nan, wushiryar nan.

"Ke ce kakata mai kunu? Mamana ta ce in na girma ni zan riƙa kai miki. Ta koya mini. Ba a sa sukari."

Tsohuwar ta saki tulun a hannun yarinyar, ta ja mayafi ta rufe fuska. Kafaɗunta kawai ake gani suna girgiza.

Rabaran Bahago ya matso kusa da Dogara, murya ƙasa-ƙasa. "Insfekta, mun janye. Ba mu da ƙara."

"Dattawanka sun riga sun shigar, Rabaran. Sai Iya ta ba da bayani kafin in saki Nasidi. Ka biyo mu, ka zo da Mama Rahmatu. Ita ma akwai bayanin da za ta yi, ba ni za ta yi wa ba."

Da suka isa ofis, Kofur ya kama hannun Iya Ummukulsum ta sauko. Ta taka a hankali har bakin ƙofa. Daga ciki Malam Nasidi ya hango ta, ya miƙe, carbin ya faɗi daga hannunsa.

"Haba, Ummukulsum. Wa ya ce ki zo?"

"Rufe mini baki. Fito ka tafi ka rama sallarka."

Ta sunkuya ta cire takalmanta, ta jera su a kan dakali suna fuskantar ƙofa, sannan ta shiga.