Mai Kirkin da Ta Ƙona Danga

A wani gari, can da daɗewa, an yi wata mata da ta saba zuwa ɗiban wuta gidan wata tsohuwa maƙwabciyarta. Ran nan tana fitowa da garwashi a sakaina, sai ta ji zafi ta watsar. Dangar tsohuwa ta kama, ta ƙone ƙurmus. Ba wanda ya gani, ita ma ta ja bakinta ta yi shiru.

Tun daga ranar, kullum sai ta je ta yi wa tsohuwa daka, ta ɗebo mata ruwa. Mutane suka riƙa cewa, "Kai, matar nan akwai kirki!"

Ita kuwa sai ta ce a ranta, "Ƙwarai kuwa, kirkin ƙona danga."

Ta kai tuwo, a ce akwai kirki. Ta yi wanki, a ce akwai kirki. Yabon nan ya fi garwashin ƙuna.

Da abin ya ishe ta, ta durƙusa ta ce, "Iya, ni ce fa na ƙona miki danga."

Tsohuwa ta kwashe da dariya, ta ce, "Ai na sani, 'yar nan, sakainarki na tsinta cikin toka. Na yi shiru ne don dakanki ya fi nawa laushi. Na yafe, je ki huta."

Washegari tsohuwa ta ji ƙarar taɓarya a tsakar gida. Ta leƙo ta ce, "Yau kuma wa ya aiko ki?"

Matar ta ce, "Ba danga ba ce dai, Iya. Miƙo min rariya."