Idon Aro

Idon aro ba ya gani kamar idon mutum. Ɗan gilashi ne da ake dasa wa makaho. Idan abu ya gifta, sai ya laluba rumbun da ke cikinsa, ya ɗauko hoton da ya dace ya aika ƙwaƙwalwa. Abin da babu hotonsa a rumbu kuwa, farin tabo kawai mai idon zai gani.

Da wannan ido Malam Jatau ke zuwa masallaci a Birnin Tsauni, har ranar da motar da ba ta da direba ta goge masa kafaɗa. Sabuwar ƙira ce, rumbunsa bai san ta ba.

'Yarsa Barira ta fi kowa sanin dalili. A kamfanin idon take aiki, sashen ƙunshe manhaja. Ƙa'idarsu ita ce duk sabon ƙunshin manhaja da aka tura wa ido, sai ya share rumbu ya sake jera hotuna. Ita ce ta toshe wannan umarni a idon mahaifinta, tun da kamfani ya daina karɓar tsofaffin hotunan fuskokin iyali. Aka ce za a kawo sabon tsari. Shekaru suka shuɗe, shiru.

Ta sami shugabanta, Injiniya Haladu, yana cin gyaɗa.

"Ranka ya daɗe, a ƙara masa hoton motar kawai, a bar sauran."

"Rumbu ba tukunyar miya ba ce, Barira, da za ki ƙara gishiri ki rufe. Ko a share duka, ko a bar shi."

"Fuskata ce a ciki. Da ta Inna, Allah ya jiƙanta."

"Amin. To, ki zaɓa masa, fuska ko ƙafa." Ya hure ɓawon gyaɗa daga tafinsa. "Ke ma da hannunki aka rubuta ƙa'idar nan, ko kin manta?"

Ba ta manta ba.

Da la'asar ta tarar da mahaifinta a ƙofar gida, kafaɗa a ɗaure. Ta yi masa bayani tiryan-tiryan. Ya daɗe yana kallonta, wato yana kallon yarinyar da rumbu ya ajiye masa, mai kitso da wushirya.

"Idan na ƙi fa?"

"Sai dai ka daina fita, Baba."

"In zauna a ɗaki kamar buhun gero? A'a, uwata. Taɓa abinku."

Ta taɓa wayarta, ta tura ƙunshin da ta toshe. Idon ya yi ƙyaf, ya mutu, ya dawo.

Malam Jatau ya yi dariya kamar yaro. "Kai! Ashe haka garin ya koma? Ga motar banzan can, har da lambarta. Ga tallan lemo a sama, kamar in miƙa hannu in sha!" Ya dinga lissafa abubuwa, allunan kantuna, jiragen kai saƙo, tambarin kamfanin yana walƙiya a kan hasumiya.

Sannan ya juyo inda take tsugune. Dariyar ta tsaya.

"Barira?"

"Ga ni, Baba."

Ya miƙa hannu, ya laluba, ya sami kuncinta a jiƙe.

"Yi ta magana," ya ce. "Kada ki yi shiru. In kin yi shiru, babu kowa a wurin."