Saƙon da Bai Sauko Ba

Auta tana durƙushe a ɗakin mahaifiyarta tana ninke wanki, Umma ta fizge zanen daga hannunta.

"Da ke nake! Duk shekarun nan ko ɓatan wata ba ki taɓa yi ba. Ki karɓo takardarki ki dawo gida!"

"Umma, don Allah—"

"Rufe min baki! Ƙaton namiji ba gemu ba gashin baki, murya kamar ta budurwa. Tun farko na faɗa!"

Auta ta koma gida idanunta jawur. Mijinta Kafinta yana shagonsa na ƙofar gida yana goge katako. Kallo ɗaya ya yi mata ya ajiye aikin.

"Maganar ce dai?"

Ta gyaɗa kai. Ya daɗe yana kakkaɓe ƙurar katako daga rigarsa kafin ya ce, "Ke an gwada ki, lafiyarki lau. Gobe ni za a gwada."

A asibiti, bayan an ɗebi jini sakamako ya fito, likita ta yi masa wata tambaya da ta ba su mamaki.

"Kana jin ƙanshi?"

"Wa? Shi?" Auta ta yi dariya duk da ƙuncinta. "Tukunya ta ƙone ƙurmus yana zaune kusa da ita!"

"Tun ina yaro nake haka," in ji shi.

Likita ta nuna tsakanin girarta. "Can ciki, ƙarƙashin ƙwaƙwalwa, akwai wani ɗan ƙululu da bai fi ƙwayar wake ba. Ƙwaƙwalwa ke aika masa wani sinadari a kai a kai, shi kuma ya saki homon, wato sinadaran da ke tayar da gaɓoɓin haihuwa. Kai wannan saƙon ne ba ya saukowa. Tun mutum yana cikin uwa ake halittar hanyarsa tare da ta jin ƙanshi. Akwai allurai, amma suna ɗaukar lokaci, kuma ban yi muku alkawari ba."

A hanya Kafinta ya tsaya. "Sori, Auta. Ni na jawo miki gori. In kina so, zan sauwaƙe miki."

"Ka sake faɗin haka, wallahi ba zan yafe ba!" Kuka ya ƙwace mata a bakin titi.

Da labari ya kai wa Umma, ta ce muddin Auta tana gidan Kafinta, kada ta ƙara taka mata ƙofa. Yayyen Auta suka daina ɗaga wayarta. Ita ta koyi yi wa mijinta allurar da hannunta, tana yi tana share hawaye. Muryarsa ta buɗe, gemu ya tsiro, abokansa suna tsokanarsa wai ya balaga da tsufa. Amma duk gwajin da aka yi, shiru.

Ana cikin shekara ta biyu ciwo ya kwantar da Umma. Yayyen kowa ya ce aiki ya riƙe shi. Kafinta ne ya je ba a kira shi ba, shi ke ɗaukar ta ya sa a mota, shi ke bin layin magani. Umma ba ta kallonsa, shi kuma bai fasa gaishe ta ba.

Wata safiya Auta, da ita ma ta dawo jinya, ta kamo hannun Umma da ya rame, ta ɗora a mararta.

"Umma, likita ta tabbatar."

Umma ta rufe ido, hawaye na gangarowa. "Kira min shi." Da ya shigo ya durƙusa, ta ce, "Ɗana, na wulaƙanta ka kan abin da ba kai ka yi wa kanka ba. Ka yafe min."

"Ban taɓa riƙe ki ba, Umma."

Umma ba ta ga jaririyar ba, ta rasu cikin Auta yana tsakiya. Ranar da Auta ta haihu, ta rungume 'yarta ta yi kukan da ya sa ungozoma fita tana goge ido.

Haƙurinsu bai tafi a banza ba. Amma iyaye su ji tsoron Allah: lalura ba laifi ba ce, kuma lokacin da aka ɓata ana gaba da ɗa ba ya dawowa.