Marowaci a Gaban Allon Dara

A wani zamani an yi wani marowaci wanda ko gaisuwa sai an roƙe shi. Wata rana ya ji masu buga dara a kan allo suna ta cewa, "Ci! Ci!" Ya ce lalle wannan wasa nasa ne.

Wani tsohon maɗinki ya zaunar da shi, ya ce, "Malam, dabarar guda ce. Ka miƙa ɗan dara ɗaya, dole abokin wasanka ya ci, hanya ta buɗe, kai kuma ka kwashe uku."

Marowaci ya ce, "In miƙa? Ni? Allah ya kiyaye!"

Aka ƙulla wasa, wanda aka cinye shi zai ciyar da 'yan kallo. Maɗinki ya miƙa ɗaya, marowaci ya cafke, aka kwashe masa uku. Maɗinki ya sake miƙa ɗaya, marowaci ya sake cafkewa, aka sake kwashe uku. Kafin la'asar ba shi da ko ɗa guda.

Jama'a suka bi shi gida, suka zauna wa tuwonsa. Yana tsaye yana haɗiyar yawu, ya ce, "Ku dai shaida ne, ban miƙa ko ɗaya ba. Ƙwacewa aka yi."