Awo Biyu na Albarushi

A wani ƙauye cikin tsaunukan Kentucky, a ƙasar Amurka, akwai wata yarinya 'yar shekara goma sha biyu. Idan ganye ya fara zuba, takan bi kakanta Virgil farautar kurege duk ranar Asabar.

Bindigar Kaka irin ta dā ce, mai ƙyastu. Ta baki ake ɗura mata albarushi, a bi da ƙwayar dalma. Ma'auninsa ɗan guntun ƙaho ne, bai kai ɗan yatsa ba.

Ran nan a makaranta wani yaro mai suna Dewey ya tsokane ta.

"Bindigar kakanki ai tari take yi," in ji shi. "Ta babana in ta yi magana, har garin gaba sai an ji."

Abin ya tsaya mata a rai.

Da Asabar ta zo, Kaka ya miƙa mata bindigar da ma'aunin a karo na farko.

"Awo ɗaya, kin ji? Kurege ba bauna ba ne."

Ya juya yana kiran karensa. Ita kuwa ta faki idonsa ta zuba awo biyu.

Can sai ga kurege a kan reshe. Ta auna shi, ta ja kunamar bindigar. Dam! Gindin bindigar ya daki kuncinta, ta faɗi zaune. Kuregen ya tsere, sauran duk suka shige rami.

"Awo nawa kika zuba?" in ji Kaka.

"Ɗaya."

"Shekara hamsin ina jin muryar bindigar nan, 'yar nan."

Ta sunkuyar da kai. "Biyu ne, Kaka."

Kafin ya yi magana, suka jiyo ihu daga bayan tudu. Maƙwabciyarsu ce, Iya Zelma. Ashe dalmar ta tsallake tudun, ta huda gangar ruwanta, daf da inda take shanya.

"Virgil! Tsufa ya cinye maka ido ne?"

"Ni ce, Iya," in ji yarinyar. "Ki yafe mini."

Iya Zelma ta daɗe tana kallonta. "Taku uku ne tsakanina da gangar nan," ta ce. "Na yafe. Amma ruwana fa?"

Kwana bakwai yarinyar tana ɗebo mata ruwa daga rafi. Wata guda Kaka bai bar ta ta taɓa bindiga ba.

"Albarushi kaɗan ya ishi kurege," ya gaya mata. "Ba ya lalata nama, kuma dalma ba ta nisa."

Ranar da suka koma daji, awo ɗaya ta zuba a gaban idonsa. Suka dawo da kurege uku. Aka yi farfesu, ta kai wa Iya Zelma kwano guda. Tsohuwar ta ɗanɗana, ta ce gishiri ya yi kaɗan, amma ta cinye tas.

Tun daga nan yarinyar ta gane cewa duk abin da manya suka sa wa ƙa'ida, akwai dalili. In ba ka san dalilin ba, tambaya za ka yi, ba ƙari ba.