Sunan da Aka Goge Daga Rajistar Ruwa

Abin nan ya faru ne a wani ƙauye tsakanin Kura da Bunkure, daidai inda babban kanal ya rabu biyu. Shekarar ta kuɓuce mini, amma ba a daɗe ba, don lokacin har an fara aiko wa manoma ranar ban ruwansu ta waya. Abin da na manta kuwa, Allah bai manta ba.

Rannan da yamma, rana ta yi ja ta kwanta bisa shinkafa, Abdulrauf ya dawo daga aiki a Kano. Ya tuɓe takalmi ya zauna kan tabarma a tsakar gida. Matarsa Saliha na kwasar tuwo, 'yarsu Halimatu Sa'adiyya, wadda kowa ke ce wa Sadiya, tana kora kaji akurki. Ladan bai riga ya kira magariba ba. Sai wani abu ya faɗo kan rufin kwano, tim. Aka yi shiru. Wani ya sake faɗowa, sannan wani, a hankali, kamar mai jifan ba ya sauri.

Saliha ta ce 'ya'yan maƙwabta ne. Abdulrauf ya leƙa waje, ya zaga bayan gida, bai ga ko akuya ba. Da ya dawo ya tsinci abin da ya gangaro daga rufin, sai ya ga ba dutse ba ne. Hoge ne na baƙar ƙasa, busasshe ƙamas, ya tsattsage irin na gindin tafkin da ya ƙafe. A ƙasar da ko'ina ka taka danshi ne, ina aka samo wannan? Ya murƙushe shi a hannu, ya je ɗiban ruwan alwala. Randar da aka cika da la'asar ya tarar babu ko ɗigo, gindinta a bushe har da ƙura.

Ya ari buta a masallaci.

To, bari in faɗi aikin mutumin, don a nan abin ya samo asali. Abdulrauf babban mai ba da shawara ne a sashen kwamfuta da tattara bayanai na wata ma'aikatar gwamnati. Ba shi ke danna na'ura ba. Shi ke zama tsakanin masu na'urar da manyan ma'aikata, ya ce ga yadda za a tsara aiki, ga abin da za a riƙe, ga abin da za a zubar. A shekarar aka ba sashensu aikin kwashe tsohuwar rajistar manoman rani daga littattafan da gara ta fara ci, a zuba ta cikin kwamfuta. Ana ta kuka da manoman bogi, sunayen da babu mutane a bayansu, waɗanda ake karɓar ruwa da taki da su. Abdulrauf ya kawo dabara mai sauƙi. Duk sunan da ba shi da lambar katin ɗan ƙasa, ba shi da lambar waya, hoton tauraron ɗan'adam kuma ya nuna ba a nome gonar sosai ba, a cire shi. Na'ura ta tace, ta fito da suna ɗari huɗu da goma sha uku da za a goge.

Ana gobe za a gabatar da rahoton gaban babban sakatare, ya zauna a ofis bayan la'asar yana bin jerin da ido. Can tsakiya idonsa ya tsaya kan wani suna: Laraba Barau.

Ya san ta, ya kuma san gonar. Tsohuwa ce daga gidajen nan da suka riƙe al'adun kakanni, mijinta Barau ya daɗe da rasuwa. Ita ta goya Abdulrauf shekarar da mahaifiyarsa ta kwanta ciwo, har yau kuma Iya yake ce mata. Gonarta ce ta ƙarshe a wata 'yar magudana. Akwai tafki a wurin kafin zuwan kanal, masu haƙa suka cike shi, Barau kuma ya yi alkawari da mazaunin tafkin: duk ranar da ruwa ya zo, za a fara sake shi cikin wani fangali da ba a shuka komai, sai ya cika sannan mutane su sha. Rabin gonar ke nan, ciyawa zalla. Ɗaya rabin kuwa 'yar kuɓewa ce da yakuwa a ƙarƙashin inuwar kanya, wanda ido daga sama ba ya gani. Laraba ba ta da kati, ba ta da waya. Duk ƙauyen an san wannan. Abdulrauf ma ya sha kamun talibambam a fangalin yana yaro.

Ya daɗe yana kallon sunan. Ya ce a ransa, in na tsame ɗaya daga jerin, darakta zai tambaya saura nawa ne irinta, taro kuma gobe ne. Zan gyara daga baya. Ya rufe kwamfuta ya tafi gida. Washegari aka tafa masa, babban sakatare ya ce a kai dabarar sauran sassa. Bayan mako uku aka toshe bakin magudanar da siminti, tunda a rajista babu mai shan ruwa a ƙarshenta. Tun daga nan Abdulrauf ya daina bin hanyar gidan Laraba.

Jifan bai tsaya ba. Kullum in rana ta yi ja zai fara, in an idar da magariba ya ɗauke. Ruwa ya daina kwana a gidan. A rana ta uku, ko ta huɗu, Sadiya ta fara jin ƙishi. Yarinya ce 'yar shekara sha shida, mai yawan dariya, ga ta nan ta koma ba abin da take cewa sai a ba ta ruwa. Ta shanye kofi, ta shanye moɗa, ta kafa kai a bokiti, leɓɓanta na tsagewa kamar ba ta sha ba. Aka kai ta asibiti, aka auna jini, aka auna fitsari, aka ce ba a ga komai ba.

A cikon mako, da goshin magariba, ta tashi daga gadonta ta zauna tana fuskantar bango. Ta fara kiran sunaye, ɗaya bayan ɗaya, kowanne da ƙauyensa da lambar gonarsa, da wata murya mai kauri da ba tata ba. Saliha ta dafe ƙirji, ta ɗauka sunayen matattu ne. Abdulrauf na tsaye bakin ƙofa yana saurare. Jerin nan ne, bi da bi, yadda yake a kwamfutarsa. Da ta iso kan Laraba Barau sai ta yi shiru, ta juyo a hankali ta zuba masa ido.

Saliha ta tambaye shi ko ya san abin da yarinyar ke faɗi. Ya ce bai sani ba. Wannan ƙaryar ta fi ta rahoton nan zama masa a wuya, don kwana huɗu ya ƙara yana kallon 'yarsa na ramewa, yana kai mata ruwa da hannunsa, bai buɗe baki ba.

Saliha ce ta aika Garun Mallam aka kira Malam Maharazu. Na san shi, mun yi karatu a zaure ɗaya, ko da yake ya girme ni. Ɗan ƙaramin tsoho ne marar hayaniya, ba ya ɗaukar komai sai carbi da Alƙur'aninsa a gafaka. Ya sauka daga bas bayan la'asar, ya zaga gidan, ya ɗauki hoge ɗaya ya shinshina, ya dubi maigidan. Ya sa aka shimfiɗa tabarma a tsakar gida, aka zaunar da Sadiya, uwarta na riƙe da kafaɗunta. Ya fara karatu, murya ƙasa-ƙasa.

Inuwa ta tsawaita. Kaji suka yi tsit. Hoge ya faɗo sau ɗaya, sannan yarinyar ta ɗago kai, ta yi wata dariya irin ta tsofaffi.

"Sannu da hanya, Malam. Ka bar wahalar da bakinka, ga ni."

Malam ya tambayi mai magana da bakinta sunansa da abin da ya kawo shi jikin baiwar Allah. Ya ce mutanen wurin Dattijo suke ce masa, ya kuma riga kanal zuwa, ya riga kakan maigidan nan. Ya ce ƙishi ya kawo shi. Malam ya ce yarinya ba ta tare masa ruwa ba, zalunci ne, ya ji tsoron Allah ya fita. Dattijo ya ce zai fita in an yanka masa baƙin bunsuru a gindin kanya. Malam ya ce ko jinin sauro ba za a zubar masa ba, ya kuma ɗaga murya da karatu har yarinyar ta fara murƙususu.

"Tsaya, tsaya," in ji muryar. "Gwada ka na yi. Me zan yi da bunsuru? Barau ma bai taɓa ba ni ba. Ruwa muka yi da shi, shekara hamsin ba a saɓa ba. Yanzu an ce wai ba ni da kati, tsohuwa ba ta da waya, don haka ba mu nan."

Malam ya ce wannan aikin hukuma ne, me ya haɗa shi da gidan nan? Yarinyar ta miƙa yatsa ba tare da ta juya ba.

"Tambaye shi. Na'ura makauniya ce, ban kama ta da laifi ba. Tambaye shi ko shi ya gani."

Malam bai tambaya ba, jira kawai ya yi. Saliha ta ɗago tana kallon mijinta. Abdulrauf ya durƙusa inda yake.

"Na gani," ya ce. "Na ga sunan Iya, na san gonar, na bar shi aka goge. Don kada a ce aikina da gyara."

Saliha ta ɗauke hannunta ɗaya daga kafaɗar yarinyar ta rufe bakinta.

Daga nan aka shiga ciniki. Dattijo ya ce zai zauna jikin yarinyar har ruwa ya iso fangalinsa. Malam ya ce a'a, yanzu zai fita, kafin ladan ya buɗe baki. Dattijo ya ce to ya ji, amma ƙishin zai bar mata shi jingina, kuma sharaɗi biyu ne: ruwa ya iso kafin faɗuwar ranar Alhamis, maigidan kuma ya je ya faɗa wa tsohuwa da bakinsa abin da ya faɗa nan. Malam ya ce wannan haƙƙin tsohuwa ne tun kafin aljani ya nema, don haka ya yarda. Ya sa shi ya yi rantsuwa ba zai dawo ba. Sai Abdulrauf ya tambaya sauran sunayen fa, da ake ta kira?

"Nawa ɗaya ne," in ji muryar. "Sauran na karanta maka ne kawai. Su mutane ne, ba su da mai yi musu jifa."

Yarinyar ta yi atishawa sau uku, ta sulale jikin uwarta. Can sai ga kiran sallah.

Washegari Abdulrauf ya shiga ofishin darakta da takarda a hannu, ya rubuta cewa dabarar da ya kawo ta haɗa da mutanen gaske, kuma ya san haka tun kafin taro. Darakta ya karanta sau biyu, ya tambaye shi ko ya san abin da wannan zai jawo masa. Aka karɓe aikin daga hannunsa aka ba wani, amma ya fito da izinin buɗe magudanar.

Ranar Alhamis da hantsi ya sami Laraba zaune gindin kanya, kuɓewarta ta ƙone tsaye. Ta yi murnar ganinsa, ta tambayi jikin Sadiya, ta ce ya rame. Ta ce an gaya mata na'ura ce ta goge ta, ita kuwa ta ce ba komai, na'ura ba ta san ta ba, da ɗanta Abdulrauf ya ji da bai bari ba.

"Iya," ya ce, "na ji. Ni na bari."

Ba ta ce ta yafe ba, ba ta ce ba ta yafe ba. Da ma'aikata suka fasa simintin, ruwa ya taho yana tura busassun ganye, sai ta miƙa masa fartanya ta nuna masa inda zai sare kunya. Ya tuɓe takalmin ofis ya shiga. Ya tsaya cikin fangalin da ba a shuka komai, ƙasa na shan ruwa tana ƙara, har ya kawo masa idon sawu.

Da ya koma gida da yamma, Saliha ta ce ta miƙa wa Sadiya kofi, ta sha rabi ta ture, ta ce ya ishe ta, tuwo take so.

Yarinya ta warke sarai, ba ta tuna komai. Uban ne ya buga jerin a takarda, duk Asabar ya ɗauki mota ya bi ƙauyuka da shi. Da yawa na bogi ne, gaskiya, amma ba duka ba. Na manta adadin da ya mayar. Na dai tuna ranar da na raka shi wani ƙauye bayan Bunkure yana neman wani Luka. Aka nuna mana ƙofa da kwaɗo, aka ce tun da albasarsa ta bushe ya sayar da injinsa na ban ruwa, ya tafi Kumbotso gadi, ba wanda ke da lambarsa. Abdulrauf ya tsaya gaban ƙofar nan har na fara jin nauyin mutanen da ke kallonmu. Sannan ya duba takardarsa, ya tambayi hanyar gidan mai bi masa a jerin.